Alhamdulillahi A Baki, "Sai Gobe" A Aiki: Zuwa Ga 'Yan Uwana Hausawan Kafanchan

Yau na zo da wata magana wadda na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman tsararrakina samari da kuma wasu daga cikin iyayenmu 'yan kasuwa. To amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, wanda ya ga da shi nake sai ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe kafin ya fara zagina.

Maganar ita ce, ban san wata al'umma da ta kai mu yawan faɗin alhamdulillahi ba, kuma ban san wadda ta kai mu iya ɗage ibada zuwa gobe ba. Ka gaida mutum, ya kasuwa? Alhamdulillahi. Ya iyali? Alhamdulillahi. Mun rubuta ta a goshin shaguna, mun manna ta a bayan motoci da tankin babura, har a jikin buhun kaya. Amma don Allah gobe da asuba ka leƙa masallacin unguwarku ka ƙirga sahu, sannan ka ƙirga mutum nawa ne a ciki waɗanda ba su kai shekara arba'in ba. In ka gama sai ka dawo kasuwa da la'asar ka ga mutum nawa ne ke rufe shago idan an kira salla. Bahaushe da kansa ya ce yaba kyauta tukuici. Idan wani Alhaji ya aiko maka da shadda, ba ka sallamar ɗan aike da baki kawai, sai ka laluba aljihu. To Wanda Ya ba ka rai da lafiya da jari, Ya kuma fitar da kai daga wuta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ina tukuicin da ka bayar?

Na ce wuta, kuma ba da misali nake magana ba. Duk wanda aka haifa a garin nan ya san abin da nake nufi. Kakanninmu sun taru a nan ne saboda fatauci da kuma jirgin ƙasa, tun da layin dogo ya iso a 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos, sannan fadar Sarkin Jama'a ta dawo cikin garin a 1933. Tun daga nan ake zaune tare da Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da Kagoro da sauransu, ana ciniki ana cuɗanya. Sai ga watan Maris na 1987, rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ta bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 aka yi ta Zangon Kataf har sau biyu, a Fabrairu da Mayu, a kan maganar tashin kasuwa. A 1999 garin nan ya sake kamawa a kan naɗin sarki. Sannan wadda mu yara muka gani da idonmu, ta watan Afrilun 2011 bayan zaɓen shugaban ƙasa, inda babbar kasuwar Kafanchan ta ƙone, aka yi asarar rayuka a Zonkwa da Matsirga da nan cikin gari, mutanenmu da yawa suka ƙare a sansanin alhazai na Mando a Kaduna, wasu suka shekara da shekaru a can. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 ne suka mutu a Arewa cikin kwana uku. Maƙwabtanmu Kirista su ma sun binne nasu a rigingimun nan da hare-haren ƙauyuka da suka biyo baya, kowane gida da tabon da yake ɗauke da shi.

Ban kawo wannan tarihi don in tada tsohon miki ba, kuma ba yau ce ranar neman mai laifi ba. Tambaya ɗaya nake so kowa ya yi wa kansa: ni da na rage, da me na fi waɗanda suka tafi? Wallahi ba da wayo ba ne, ba da gudu ba ne. Akwai waɗanda suka fi mu ƙarfi da dabara da tsoron Allah, suna kwance yanzu. An bar ka ne kawai, an ƙara maka kwana. To kwanan da aka ƙara maka me ka saya da shi?

Manya suna tunawa, mu ma da muke yara muna tunawa, yadda masallatai suka cika bayan an sassauta dokar hana fita a 2011. Sahu har waje. Mutanen da ba a taɓa ganin goshinsu a ƙasa ba suna kuka a alƙunut. Kowa da alkawarin da ya ɗauka: Allah in Ka fitar da ni ba zan sake wasa da salla ba, in Ka mayar mini da jarina zan fitar da zakka har da ƙari, zan koma makarantar dare. A layin da mahaifina ke da shago, kusan kowa toka ya tarar. Allah cikin ikonSa Ya mayar wa da yawansu, wasu ma sun ninka abin da suke da shi a da. Alkawarin kuwa ya bi ruwa. Alƙur'ani ya riga ya ba da labarinmu tun kafin a haife mu, a Suratu Yunus da Suratul Ankabut, inda ya kawo misalin mutanen da ke cikin jirgin ruwa, igiya ta taso musu su kira Allah da zuciya ɗaya, da zarar ƙafarsu ta taka tudu sai su koma halinsu. Mu ba mu da teku a Kudancin Kaduna, amma mun shiga jirgin nan fiye da sau uku.

Yanzu ku dubi abin da muka mayar da godiya. Mutum ya tsira daga hatsari a hanyar Kachia, ko ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa bayan dangi sun sayar da gona da fili, ko ya buɗe sabon shago, sai a ce za a yi walimar godiya. A kafa rumfa, a hayo kujeru, a dafa shinkafa buhu guda, a buga kalanda da hotonsa, a kira mai kiɗa. Malam ya yi addu'ar minti biyar a ba shi ambulan ya tafi, sannan a buɗe fili. Magariba ta wuce ana liƙi, isha'i ta wuce ana ɗaukar hoto. Wai an gode wa Allah ke nan. Ciyar da mutane alheri ne, ban ce a daina ba. Amma a ce an yi taron gode wa Allah, kuma a wurin taron ne aka bar sallolin da Ya wajabta, wannan ai raini ne, ko da ba a yi nufinsa ba.

Malamanmu na zaure sun koya mana tun muna ƙanana cewa godiya hawa uku ce: zuciya ta yarda daga Allah ne, harshe ya furta, gaɓɓai su yi aiki. Mu mun riƙe na tsakiya mun watsar da na ƙarshe. A Suratu Saba'i aya ta 13, da Allah Ya lissafa ni'imomin da Ya yi wa gidan Annabi Dawuda, aiki Ya umarce su da yi a matsayin godiya, kuma a ayar Ya nuna masu godiyar gaskiya kaɗan ne a cikin bayi. Manzon Allah (SAW), wanda aka gafarta masa komai, yana tsayuwar dare har ƙafafunsa su kumbura, da Nana A'isha ta tambaye shi dalili sai ya nuna mata cewa godiya ce ta sa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Su ne kuma suka ruwaito labarin mutum uku na Bani Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho, waɗanda Allah Ya warkar Ya azurta, sannan Ya aiko mala'ika a siffar mabuƙaci ya roƙe su. Biyu suka hana, har suna cewa dukiyar gadonta suka yi, makahon ne kaɗai ya tuna inda ya fito ya ce a ɗiba. Biyun nan aka mayar da su gidan jiya. Ka lura, ba a tambaye su ko sun iya faɗin alhamdulillahi ba. Hannunsu aka gwada.

Idan ka tsare ɗayanmu da wannan magana, ba zai ce maka ba zai yi ba. A'a, Bahaushe ba ya musun addini. Abin da zai ce shi ne "sai". Sai na gama makaranta. Sai maigida ya sallame ni na tsaya da ƙafata. Sai na yi aure hankalina ya kwanta. Sai na gama ginin nan. Sai na aurar da yaran nan. Sai azumi ya zo in fara gaba ɗaya. Wannan "sai" ɗin ba ta da ƙarshe, kowacce tana haifar 'yar uwarta. Wanda bai yi salla yana yaron shago ba saboda maigida, ranar da ya zama maigida zai ce ba wanda zai bar wa shago. Wanda ya ce sai ya yi aure, ranar da ya yi auren zai ce cefane ya sha masa kai. Daga ƙarshe sai ka gan shi yana da shekara sittin da biyar, gwiwa ta ƙi, ido ya ƙi, yana salla a kan kujera, yana neman wanda zai biya masa Fatiha. Wannan ma wanda ya yi sa'a ke nan ya kai. Je ka maƙabarta ka duba tsawon kaburbura, ka tambayi masu haƙa su gaya maka shekarun waɗanda suke binnewa.

Bari in kawo wani misali daga nesa, wataƙila ya fi shiga. Mu Hausawa ba wanda ya kai mu kallon finafinan Indiya, daga na sinima a zamanin iyayenmu har zuwa masu fassara da ke cikin wayoyinmu yau. Mun kwaso rawa, mun kwaso waƙa, mun kwaso salon soyayya. Amma akwai abin da muke gani a finafinan kullum ba mu taɓa tsayawa a kansa ba: ɗan kasuwarsu ba ya buɗe shago sai ya kunna fitila da turare ya yi bautarsa, kuma 'yan kasuwar Gujarat idan bikin Diwali ya zo sabon littafin lissafin shago ma sai sun kai shi gaban abin bautarsu kafin su rubuta ko sisi. Mu ba mu yarda da abin da suke bauta wa ba, aƙidarmu tauhidi ce, kowa da addininsa. Abin da nake so ku gani shi ne wannan ciwo na "sai na tsufa" su ma sun san shi. A tsarinsu na gargajiya sun kasa rayuwa gida huɗu: zaman ɗalibta, zaman iyali, ja da baya daga harkoki, sannan barin duniya gaba ɗaya. Da yawansu sai suka fake da wannan suna cewa ibada ta gidan ƙarshe ce. Malamansu na tafarkin da suke kira bhakti, wato bauta ta ƙauna, suka yi ta yaƙar wannan tunani. A littafinsu Bhagavata Purana akwai labarin wani yaro ɗan sarki mai suna Prahlada wanda ya tara 'yan makarantarsu ya yi musu lissafin shekarun mutum, ya cire na barci, ya cire na ƙuruciya da wasa, ya cire na tsufa da rashin ƙarfi, ya nuna musu ɗan abin da ya rage ma hidimar gida ke cinye shi, don haka a fara tun ana yara. To idan mutanen da suka yarda cewa za a sake haifarsu su dawo duniya suna tsoron ɓata wannan rayuwar, kai da ka yi imani sau ɗaya tak za ka zo, kuma Suratul Muminun ta gaya maka mai roƙon a mayar da shi ba a mayar da shi, da wane dalili kake jinkiri?

Mu 'ya'yan 'yan kasuwa ne, lissafi muka fi ganewa, to mu yi namu. Hadisin Tirmizi ya nuna yawancin shekarun al'ummar nan tsakanin 60 ne da 70. Ɗauki 60. Cire 15 na kafin balaga, saura 45. In kana barcin awa takwas, kashi ɗaya cikin uku ya tafi, wato shekara 15, saura 30. Salloli biyar da alwalarsu, a ce awa ɗaya a yini. Awa ɗaya kullum a shekara 45 bai cika shekara biyu ba. Wato an ba ka jarin shekara 60, an ce ka kawo abin da bai kai biyu ba, shi ma kana cewa a dawo gobe. Wane dila ne a Kwari ko Singa zai ba ka kaya a kan wannan sharaɗi, ka riƙa yi masa yawo da hankali, ya ci gaba da loda maka mota?

Ga zakka kuma. Ɗaya cikin arba'in ce idan dukiya ta kai nisabi ta shekara. Mai jarin naira miliyan 40, miliyan ɗaya ce a kansa, 39 nasa ne. A 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da nan Jama'a, citta ta ruɓe a ƙasa, manoma suka tashi ba iri ba jari. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, waɗanda suke da tsohuwar ajiya a sito suka wayi gari da ribar da ba su taɓa mafarki ba. Na ji alhamdulillahi a wannan shekara har kunnena ya gaji. Na ga sababbin motoci, na ga an ƙara aure. Abin da ban gani da yawa ba shi ne wanda ya zauna da biro ya fitar da haƙƙin Allah cif-cif, ko ya tuna da manomin da ya shekara goma yana kawo masa kaya ya yafe masa bashi ko ya taimaka masa da iri. Ribar da ta zo maka ta hanyar hawayen wani, ai ita ta fi kowacce buƙatar a wanke ta.

Haka aikin Hajji. Akwai waɗanda a 2023 suna da kuɗin kujera a hannu, lokacin tana kusan naira miliyan uku, suka ce bari a ƙara juya kuɗin, baɗi a je da Hajiya gaba ɗaya. Zuwa 2025 kujera ta haura miliyan takwas. Yanzu ko shi kaɗai ba zai iya ba. Gobe ba ta yi wa kowa alkawarin farashi ba, balle lafiya, balle rai.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su a bakin shago. Na farko, ai neman halal ma ibada ne. Gaskiya ne, ibada ne, amma ga wanda ya sauke farilla. Nafila ba ta biyan bashin farilla, kamar yadda kyautar goro ba ta biyan kuɗin haya. Kuma Suratul Jumu'a da kanta ta ce a bar ciniki idan an kira sallar Juma'a, in an idar a watsu a nemi falalar Allah. Ba a hana ka kasuwa ba, jeri aka yi maka. Na biyu, ai Allah Mai gafara ne. Haka ne, kuma ba mu da abin dogaro sai rahamarSa. Amma wanda ya faɗi bisa kuskure ya tashi ya tuba daban yake da wanda ya tsara cewa zai yi ta saɓo har shekara sittin sannan ya tuba, kamar ya karɓi takardar yarjejeniya daga Mala'ikan mutuwa. Na uku, ai abin a zuci yake. To me ya sa idan abokin ciniki ya ce maka kuɗinka na zuciyarsa ba ka yarda? Na huɗu, wai kai wane ne, yaro da kai, ko digiri ba ka da shi, ba ka kuma zama malami ba. Wannan gaskiya ne, sakandare na tsaya, shago nake zama. Amma ba sai mutum ya zama likita ba kafin ya ce wa maƙwabcinsa gidanka na hayaƙi.

Iyayenmu, ku yi haƙuri, ku ma akwai naku. Ku ne kuke cewa yaro ne, ƙuruciya ce, zai daina. Ku ne kuke tafiya masallaci ku bar yaron shago ya tsare kaya, kullum shi ne mai tsaro, har ya saba cewa salla ta masu gida ce. Idan ya makara buɗe shago da minti goma za ku yi masa faɗa har maƙwabta su ji, idan ya makara asuba da awa uku ba mai cewa uffan. Kun koya masa da aikinku wanne ne ya fi muhimmanci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ku kuka gaya mana. Rufe shago na minti goma sha biyar bai taɓa karya ɗan kasuwa ba, in ma ba za a rufe ba a riƙa yin karɓa-karɓa tsakanin maƙwabta, kowa ya samu jam'i.

Akwai kuma wata kalma da ke ƙona mana rai a yankin nan, wato a kira mu baƙi, alhali kakannin wasunmu a nan aka binne su. Muna da haƙƙi mu yi jayayya a kan wannan a gaban hukuma da tarihi, cikin lumana. Amma akwai baƙuncin da ba ya karɓar jayayya, wanda ya haɗa mu da masu kiran namu baƙi duka. Tashar jirgin da ta tara garin nan, wadda a da ba ta barci, ku je ku ga yadda ta yi shiru. Mu da muka ga kasuwa sukutum ta zama toka a dare ɗaya, mu ya kamata mu fi kowa sanin cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ina ganin maƙwabcin da ya san ka da cika awo, da riƙon amana, da tausayin mai bashi, saboda ya ga sallarka ta hana ka cuta, ya fi wuya a zuga shi a kanka fiye da wanda bai san komai game da addininka ba sai ƙarar lasifika.

Don haka ba wani babban abu nake nema ba. Kada ka ce daga gobe za ka fara tsayuwar dare da azumin Litinin da Alhamis, ka san ba za ka ɗore ba. Sallar da ke tafe yanzu, wadda za a kira bayan ka gama karanta wannan, ita za ka fara da ita, a kan lokaci, a cikin sahu. Yau da dare ka ɗauki littafin shago ka lissafa zakkar da ake bin ka, har ta shekarun baya, don ba ta faɗuwa. In karatunka ya tsaya tun na allo, makarantun dare na magidanta suna nan a unguwanni, ka je ka zauna, kunyar rana ɗaya ce. Alkawarin da ka ɗauka ranar da kake ɓoye kana jin harbi, ko ranar da mota ta juya da ku, ko ranar da matarka ke ɗakin haihuwa, ka tuna shi ka rubuta shi a shafin basussuka, don bashi ne. Suratu Ibrahim aya ta 7 ta haɗa abu biyu wuri guda, ƙari ga mai godiya da azaba ga mai butulci, ba a ba mu zaɓin ɗaukar rabin ayar ba.

Wanda ya ga na yi kuskure a wata mas'ala, malamai suna nan, a gyara mini. Wanda kuma ya ji zafi kawai, to ya tambayi kansa me ya sa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da Kafanchan da Kudancin Kaduna lafiya, Ya sa mu cikin 'yan kaɗan ɗin nan masu godiyar gaskiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalam, naku ɗan kasuwar Kafanchan.